Ƙasar da Sitti Ta Zo da Ita

Duk wanda ya zauna a layinmu na Hindawiyya a shekarun nan, in ka tambaye shi abin da ya kashe shukar tsohuwar nan 'yar Bukhara, zafin Makka zai ce maka. Matan da ke zaman ƙofar gidanmu da yamma kuwa nasu daban ne: wai aljanun da ke cikin gwangwanin ne suka gaji da baƙunta suka koma garinsu. Duk ba haka ba ne. Shekara goma shukar ta yi a Makka zafi bai kashe ta ba, kuma a watan da ta mutu da bargo muke kwana. Ni na kashe ta. Da hannuna, da rana tsaka, ranar Arfa, ina yi ina murna don na ɗauka lada nake kwasa.

Shekarata goma sha uku a lokacin. A Makka aka haife ni. Babana mai ga-ruwa ne, gwangwani biyu a sanda a kafaɗa, daga wurin ɗibar ruwa na unguwa zuwa gidajen mutane har diddigensa ya tsattsage. Inna kuma gyada take soyawa tana sayarwa a bakin layi. Ita a gona ta tashi, can ƙasar Kano, ta yi shekara shida a hanya ta Cadi da Sudan kafin ta ga Ka'aba. Ni kuwa ban taɓa ganin gona ba. Ku riƙe wannan, don daga nan ta'asar ta fito.

Tsohuwar Sitti muke ce mata, wato kaka da Larabcin Makka. Ba ma 'yar Bukhara ba ce. A garin nan duk wanda ya fito daga bayan duwatsun ƙasar Hindu ɗan Bukhara ne, kamar yadda mu duk Takari ne, ko daga Kano kake ko daga Damagaram. Mutanenta suna can wata unguwa, masu gasa burodi da masu ɗinki, sun yi sun yi ta zauna cikinsu ta ƙi. Ta zo ta roƙi Baba ɗakin da ke ƙarƙashin matakalarmu, ɗakin da ni kaina sai na sunkuya nake shiga. Dalilinta ɗaya ne: gidan mai ga-ruwa ba ya rasa ruwa, kuma a bakin ɗakin ne randunanmu suke jere a kan katako suna ɗiga ba fashi. Ba don kanta take son ɗigon ba. Don shukar ne.

Shukar ba wani abin kallo ba ce. Barsim ce, ciyawar nan da ake sayarwa dami-dami a ba awaki, sai dai ita ganyenta ƙanana ne, ba ta miƙewa, kwanciya take yi kamar mai tsoron iska, furenta kuma rawaya maimakon shuɗi. A gwangwanin kananzir take, wanda tsatsa ta ci gindinsa. In zafi ya shigo Sitti ta aske ta ƙasa-ƙasa, ta tura gwangwanin ƙarƙashin randuna, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. In sanyi ya zo ta hau da shi soro da sassafe ya sha rana, ta sauko da shi kafin hantsi ya yi ƙarfi. Da gwiwarta ta soma ciwo, hawa da saukowa suka dawo kaina. Ba na so. Gwangwanin da nauyi, ni kuma kullum sauri nake, ko babu inda za ni.

Ƙasar ce ba a taɓa mata. Ba ta canza ta, ba ta ƙara wata a kai. Busasshen ganyen shukar da ganyen shayin da aka gama sha kawai take marmasawa a sama. Kullum da safe ta cusa yatsa a ciki, ta zaro, ta kai hanci, ta lumshe ido.

"Suna nan," take cewa.

Larabcinta a karye yake, namu ma ba a miƙe yake ba, amma muna gane juna.

"Su wa, Sitti?"

"Masu ba ta abinci. Ita ta ba su ɗaki, su su ba ta abinci."

"Ni ban ga kowa ba."

"Ke ko ƙofa ba kya gani, binti. Jiya da goshi kika buɗe ta."

Wannan maganar ce ta fita waje ta zama aljanu. Wata maƙwabciyarmu har ta hana 'ya'yanta shan ruwa a randarmu. Ta ce wa Inna, "Ke dai kin jawo wa kanki. Mata na hira da gwangwani kina kallo." Inna ta ce, "Ke da kike yini kina hira da akuyarki fa, wa ya kira miki malam?"

Labarin ƙasar sau ɗaya ta ba ni, wata rana muna ɓarar gyadar Inna. Ban tambaya ba. Wata gyada ce ta fashe a hannunta babu komai a ciki, ta tsaya tana kallon ɓawon, sai ta soma. Yaƙi ne ya kore su daga garinsu, ita da mijinta da 'yarsu. Mijin bai kai ko gindin duwatsu ba. Suka bi ayari suka hau, kwana da kwanaki ana hawa, har suka kai wani fili can sama inda babu itace, babu tsuntsu, babu ruwa sai ƙanƙara. Hamada ce, in ji ta, irin wadda ke tsakaninmu da Madina, amma ta sanyi. Rana ta ƙona maka fuska, bayanka kuma yana daskarewa. Numfashi ba ya cika ƙirji. Dawakai suna tafiya jini na ɗiga daga hancinsu. A nan yarinyar ta soma tari. Kwana biyu ta yi. Shekarunta kamar nawa, sha uku.

Ayari ba ya jira. Ƙasa ta ƙi tonuwa, dutse ne da ƙanƙara, wuƙa biyu suka karye. Sai wani tsoho mai jan dawakai ya nuna mata inda ciyawar nan ta yi shimfiɗa a bayan wani dutse, ya ce a tona nan. Duk faɗin filin, a gindinta kaɗai ƙasa take da laushi, baƙa, tana ƙamshi. A nan suka sa yarinyar. Sitti ta ɗauki ciyawar da aka tuge daga wurin, da saiwarta da ƙasarta, ta cusa a tukunyar shayi ta sa cikin rigarta. Haka ta sauko da ita ƙasar Hindu, haka ta shiga jirgin ruwa, ɗan ruwan shan da ake ba ta tana raba shi biyu.

"Ba ƙasar kabari ba ce," ta ce. "Ƙasar da ta matsa ce ta ba ta wuri."

Na ce Allah Ya ji ƙanta, na ci gaba da ɓara. Abin da ke raina shi ne in gama in fita. Haka nake, ba zan yi wa kaina kwalliya ba.

Shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare, jiragen ruwa suka dawo da alhazai, gari ya cika. Muka bar wa baƙi ɗakunanmu muka koma soro, kamar yadda kowa ke yi. Sitti ta ce bana za ta yi wa 'yarta hajji. Ranar takwas ga wata, da za su fita Mina, ta tare ni a bakin randuna.

"Ruwa rabin moɗa, da safe. Sama, ƙasa, kamar kullum. Ƙasar kada ki taɓa."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Hanya kike kallo."

"Wallahi na ji, Sitti."

Ranar Arfa Makka kango take zama. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Maza duk sun fita, Baba ma yana can da gwangwanayensa, shaguna a rufe, sai tantabaru da maguna da ƙarar takalminka. Ranar mata ce: su ɗauki shayi da abinci su tafi Harami su yini, su yi ɗawafi babu turereniya. Inna ta tafi tun da safe. Ta ce in sauko da shukar in biyo ta.

Na ɗauko gwangwanin ina tsallake matakala biyu-biyu. A ta ƙarshe gindin ya ɓalle. Ban faɗi ba, ko tuntuɓe ban yi ba, kawai na ji nauyi ya bar hannuna. Ƙasar ta tarwatse, shukar na kwance a tsakiya, saiwa a waje.

Da na kwashe ƙasar na zuba a wani gwangwanin, da yau babu abin rubutawa. Amma na tsuguna na duba. Ƙasar baƙa ce, da danshi, da wasu fararen zare-zare, warinta kamar na tsohuwar rijiya. Saiwar kuma duk ƙuraje. Ƙanana, jajaye-jajaye, wasu a cure kamar yatsun jariri, sun manne tun daga sama har ƙasa. A shekarar ana ta maganar jarasim, ƙwayoyin cutar da ake cewa taron alhazai na kawowa, ko'ina ka juya a share, a wanke, a tafasa. Na ce ashe! Shi ya sa ba ta miƙewa. Shekara goma tsohuwar nan tana renon shuka a cikin cuta ba ta sani ba.

Ga kuma abin da ya fi wannan ƙarfi a raina: ni 'yar Makka ce. Tun ina goye nake jin cewa babu ƙasa irin tamu. Mutane na tafiyar shekaru don su sa goshi a kanta, wasu na roƙon Allah a rufe su a cikinta. Yaya za a ce shuka tana cikin Harami amma tana zaune a kan baƙar ƙasar wani dutsen da ko sunansa ba mu iya faɗa ba? Na share ƙasar tas, na kwashe a kwando, na watsa a kwatar bayan gida inda ruwan wanki ke bi. Na sa saiwar a kwano na wanke, na sake wankewa. Sannan na zauna na bi ƙurajen ɗaya bayan ɗaya da farce, yadda ake kashe ƙwan ƙwarƙwata. Kowanne in ya fashe sai wani ɗan ruwa ja-ja ya fito. Ni da ba na iya zaman minti biyar, na yi awa guda a kan aikin nan. Ban bar ko ɗaya ba.

Na ɗauko sabon gwangwanin Baba na huda gindinsa, na je bakin kwari na ɗebo yashi fari mai tsabta, na tankaɗe shi da rariya. Na dasa. Na juye mata Zamzam ɗin da ke ajiye a butar Inna gaba ɗaya. Da na ja baya na dube ta, sai na ga har ta fi kyau.

Inna ta gaji da jirana ta dawo bayan la'asar. Ban zubar da ruwan kwanon ba, don so nake ta gani ta yaba.

"Ke, ina kika tsaya? Mene ne wannan?"

"Cutar shukar Sitti ce. Na cire mata."

Ta sa hannu a kwanon ta ɗebo, ta kai kusa da ido. Sai ta zauna a kan matakala, da mayafinta da komai.

"'Yar nan, kin taɓa tuge wake?"

"A ina zan ga wake da saiwa, Inna? A buhu nake ganinsa."

"Duk saiwar wake haka take. Ta gyada ma haka, gyadar nan da kike ɓara kullum. Kakanki in ya tuge ya ga babu su, ranar ba mai yi masa magana. Inda suka yi yawa, nan yake zuba gero baɗi."

"To mene ne su?"

"Oho. Wa ya taɓa tambaya? Ana dai ganinsu a ce gona na da rai." Ta dubi gwangwanin, ta ga farin yashi. "Ina ƙasar?"

Muka fita da gudu. Wata ta riga ta zubar da ruwan wanki a kwatar. Abin da ya rage baƙin laka ne da kumfar sabulu, yana gangarawa tare da fitsarin jakuna. Inna ta tsoma hannu ta ɗebo, ta shinshina, ta yar.

Na jira duka. Da ta dake ni da ya fi mini.

"Ba za ki faɗa mata ba," ta ce. "Gwangwani ya fashe, mun canza, halas, shi ke nan. Mata ta dawo daga yi wa 'yarta hajji, ba za ki tare ta da wannan ba."

Ta kwaso ganyen shayi ta barbaɗa a saman yashin don ya yi duhu. Ni na riƙe mata kwanon.

Ranar sha uku Sitti ta dawo. Ta rame, leɓe a tsage, ƙurar Muzdalifa da ta Mina har gwiwa, tana dariya. Ta kawo mini alewa a ƙulle a bakin mayafi. Ba ta ko zauna ba ta nufi gindin randuna.

"Tsohon ya fashe, Sitti," na ce tun ba ta tambaya ba. "Mun sa a sabo."

Ta durƙusa. Ta cusa yatsa. Na ga yadda ya nutse sumul, babu abin da ya tare shi. Ta zaro, ta kai hanci. Ta daɗe. Ta sake cusawa a wani gefen, ta sake, har sau huɗu. Sannan ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon wanda ya ƙwanƙwasa gidan 'yan'uwansa ya ji shiru.

"Babu kowa," ta ce.

Inna ta ce, "Hajiya, ki sha ruwa tukuna."

Mako biyu shukar ta yi kamar babu abin da ya faru, har na soma cewa a raina ai ga shi nan, Inna ce dai da tsoro. Sai ganyen ƙasa suka soma rawaya. Rawayar ta yi ta hawa. Kafin Safar ya ƙare ta zama tsinke. Ba yashin Makka nake ɗora wa laifi ba, ba kuma Zamzam ba, kada wani ya karanta ya ce na faɗa. Allah Ya halicci abin nan da abokan zamansa, ni na raba su.

Sitti ba ta daina ba ta ruwa ba. Rabin moɗa, da safe, a kan tsinke. Tana kuma sa ni in hau da gwangwanin soro in sauko da shi, ina yi, a hankali, taka ɗaya-ɗaya, yanzu da hankalin ba shi da amfani. Ba ta taɓa tambayata ba. Tana zuba mini shayi kamar da, tana tsokanata kamar da. Maƙwabta su leƙo su ce, "Ayya Hajiya, zafin garin nan ba ya barin komai," suna faɗa suna ƙudundune da mayafi saboda sanyi. Ta ce, "Haka ne." Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa, in hango Inna ta kafe ni da ido, in rufe. Gaskiya kuma ko ba Inna ban tabbata zan iya ba.

Da zafi ya soma shigowa ta kwanta. Wata rana da hantsi ta kira ni, ta zaro wani ƙullin tsumma daga wuyanta, bai kai ƙwan kaza ba. Ashe duk shekara takan ɗebi ƙasar cikin tafi ɗaya ta shanya a inuwa, ta haɗa da irin shekarar ta ƙulle, na bara kuma ta mayar cikin gwangwani. Wannan shi ne na ƙarshe.

"Sitti! Kina da wannan kika zauna kina shayar da tsinke? Me ya hana ki shukawa?"

"In na zuba ba ta fito ba fa?" Ta yi tari. "Yanzu ina da shi. In na zuba, ƙila ba ni da komai."

Ta danƙa mini a hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Ba a nan ba. Sama, inda sanyi. Barci suke, ba su mutu ba."

Na juya zan fita, don hawaye na tahowa kuma ba na son a gani. Ta riƙe bakin zanena.

"Binti."

"Na'am."

"Wannan kada ki wanke."

Ta yi 'yar dariya. Bayan kwana huɗu matan Bukhara suka zo suka yi mata sutura.

Shekara na zagayowa kawuna da ke Omdurman, can Sudan, ya zo hajji. Ya ga ina karanta duk takardar da aka ƙunso sukari a ciki, ya ce wa Baba a ba shi ni ya sa ni makaranta. Haka na ƙetare teku da ƙullin a wuyana, kowa na ɗauka laya ce. Ban buɗe shi ba. Tsoron Sitti ya zama nawa.

Ƙullin kuwa bai bar ni ba. In iska ta yi danshi kafin ruwa ya sauko, sai in ji warin tsohuwar rijiya na tasowa daga ƙirjina. 'Yan ɗakinmu su ce ba su ji komai ba. In wata ta ce in duba mata kai, farcena ba ya yarda ya haɗu. Duk ƙofar da na ƙwanƙwasa aka jinkirta buɗewa, muryar Sitti nake ji tana cewa babu kowa. Ranar Arfa kuwa, ko ina nake, hannuwana sanyi suke yi kamar na tsoma su a kwano.

Ina sakandare, wata rana malamar kimiyya ta fita da mu lambun makaranta ta tuge wake. Ta karkaɗe saiwar ta ɗaga. Ga su nan. Ta yanka ɗaya da reza, cikinsa ja-ja. Ta ce gida ne. A cikinsa akwai halittu masu rai da ido ba ya gani, bakteriya, dangin ƙwayoyin da ake tsorata mu da su, amma waɗannan ba cuta suke kawowa ba. Suna zaune a ƙasar da ke kewaye da saiwa, shuka ta ba su zaƙin da take haɗawa a ganye, su kuma su kamo wani abu daga iska su mayar mata da shi taki. Ta ce inda ƙasa ta fi talauci, kan duwatsu masu sanyi da babu ruwa, nan shuka ta fi dogara da su, kuma na can sun saba da can, ba lalle a sami irinsu a wani wuri ba. Ta ce har ƙamshin nan da ƙasa ke yi in ruwan fari ya sauka, wasu danginsu ne ke yin sa. Aka shafa ruwan ƙurjin a gilashi aka sa a madubin ƙara girma, muka yi layi. Da na sa ido na gan su birjik, ƙanana kamar gutsattsarin zare, suna rawa a wuri ɗaya.

Ita ta ba su ɗaki, su su ba ta abinci. Tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Ban ɗaga hannu ba, na dai yi magana.

"Malama, in ƙasar ta bushe, mutuwa suke yi?"

"Wasu su mutu, wasu su yi barci."

"Shekara nawa?"

"Ba wanda zai ce miki kaza. Amma duk shekara raguwa suke yi." Ta dube ni. "Ke, lafiya? Je ki zauna a inuwa."

Wato ajiyar da nake yi ma kisa ce, a hankali dai. Ina zaune a inuwar nan hannuna a kan ƙullin, ina tunanin nawa ne suka tafi tun da safe.

Bana na dawo Makka. Shekara tara ke nan ƙullin na wuyana. Baba ya ajiye sanda, motoci sun cika hanyar Mansur ta wajen unguwarmu, ɗakin ƙarƙashin matakala buhunan gyada ne a ciki. Randunan suna nan suna ɗiga. Na zauna na bayyana wa Inna duk abin da malama ta ce, har da zane a ƙasa.

"To ai abin da kakanki ya faɗa ne, su sun dai raɗa masa suna," ta ce. "Ki bar abin nan haka. Tsohuwa ta tafi ba ta riƙe ki ba."

"Ta sani, Inna. Tun ranar ta sani."

"Na san ta sani. Ke kina tsammanin ganyen shayi zai ruɗi matar da ta yi shekara goma tana shinshinar ƙasa? Don ke na barbaɗa, ba don ita ba. Ba ki ga fuskarki ba ranar."

Ta ci gaba da tsintar gyada.

"In kin zuba bai fito ba fa?" ta ce.

"In na bari ma ba zai fito ba."

Yayana yana tuƙa babbar mota tsakanin Makka da Ɗa'ifa. Ya san wani mai lambu a wani ƙauye can saman duwatsun, inda ya ce in sanyi ya kankama ruwan da aka bari a kwano da ɓawon ƙanƙara yake wayar gari. Matar mai lambun ta yarda ta ba ni gefe ɗaya a gindin katanga, da wurin zama, ni kuma in koya wa 'ya'yanta mata karatu. Ba dutsen Sitti ba ne. Amma ba ni da wata sama da zan iya kaiwa sai ita.

Kafin in tafi zan je unguwar 'yan Bukhara, wurin matan da suka yi mata sutura, biyu suna da rai. Zan faɗa musu ba zafi ba ne, ba kuma aljanu ba, ni ce. In sun zage ni sun zage ni. Ranar Asabar zan hau motar. Zan kwance ƙullin in zuba duka, ƙasa da iri, a rami ɗaya, ba zan rage ko ƙwaya don gobe ba. Sannan in zauna in jira, abin da ban taɓa iyawa ba. Bayan kwana arba'in zan tone gefe ɗaya da cikin yatsa, ba da farce ba, in duba saiwar.